Kuɗi da Zuciyar Mutum: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Bauchi

Shekara 11 ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyar adashi da lamuni ta malaman makarantarmu a nan cikin garin Bauchi. Mai riƙe da irin wannan littafi yakan ji abin da ko limamin unguwa ba ya ji. Mutum zai shigo da maganar zubi, kafin ya fita ya ba ka labarin ƙaninsa da ya daina gaishe shi, ko na ɗiyar da za a aurar bayan sallah alhali ko gado ba a saya ba. Da wuya a zo mini da matsalar lissafi, don kowa ya iya tarawa da ɗebewa. Abin da ke cin mutane a rai shi ne kunya, da tsoron tonon asiri, da maganar da aka kasa faɗa a lokacin da ya kamata a faɗe ta. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa gwargwadon abin da na karanta da wanda na gani da idona.

Kakata har yau "fam biyar" take cewa, ko "jaka goma". Daga ina wannan lissafi ya samo asali?

Kuɗi suna canjawa, harshe kuwa ba ya saurin sakin abin da ya saba. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, wato ɗan farin ƙwanson tekun nan da kakanninmu suke ciniki da shi, shi ya sa za ka ji ana cewa kuɗi "sun" ƙare, kamar ana maganar taron jama'a. Wurin nan kuma ba a kogunanmu ake tsintarsa ba. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, ya sha doguwar tafiya kafin ya iso hannun mai daddawa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Mai sayen doki sai ya nemi waɗanda za su ɗauko masa kuɗin a ka, a kuma shimfiɗa tabarma a zauna ƙirga. Daga baya 'yan kasuwar Turai suka riƙa jibgo wani irin wuri daga gaɓar Zanzibar, jirgi bayan jirgi, har ya yi yawa darajarsa ta zube. Ke nan kakanninmu sun ɗanɗani tashin farashi tun ba a san wani abu wai shi banki ba.

Da Turawa suka zo sai ga anini mai huji a tsakiya, da kwabo, taro, sisi, sule da fam. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam: fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, jaka kuwa, wadda fam 100 ce, ta zama naira 200. In kakarka ta ce jaka goma, dubu biyu take nufi. Mu ma da muke ganin mun waye, naira 20 "Murtala" muke ce mata tun da aka fito da ita a 1977.

Akwai abin lura a nan da ya wuce tarihi. Farashin da mutum ya fara sani yana ƙuruciya shi ne yake zama masa "farashin gaskiya" a zuci, duk abin da ya biyo baya tsada ce ko cuta. Wannan ne ke sa magidanci ya ajiye kuɗin cefanen da ya saba ajiyewa shekara biyar da suka wuce, ya fita da zuciya ɗaya yana ganin ya sauke nauyi, uwargida kuma ta bi kuɗin da kallo. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ya daɗe bai taka kasuwa da ƙafarsa ba ne.

In dai takarda ce kawai, me ya ba ta wannan daraja?

Yarda. Kana karɓarta ne don ka tabbata gobe wani zai karɓa daga hannunka. Mun ga ranar da wannan yarda ta girgiza. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma aka fara gudunsu. Duk wanda ya shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a makonnin nan ya ga takardar da jiya ake rantsuwa a kanta, yau mai tumatir na ture ta da bayan hannu. Mutum na da dubu ɗari a asusu, ya kasa sayen kayan miyan ɗari biyar. Aka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Mutanen ƙauye da suka kawo awaki da hatsi suka karyar da su ga duk mai tsaba a hannu. Sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris 2023, wanda ya ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, al'amura suka fara lafawa.

Abin da ba na mantawa shi ne waɗanda suka ci abinci cikin rufin asiri a lokacin. Ba lallai masu nauyin asusu ba ne. Waɗanda mai shagon unguwa ya sani ne, ya auna musu shinkafa ya ce "je ka, in an samu ka kawo".

Me ya sa in na biya da taransfa ba na jin na kashe kuɗi, sai ƙarshen wata in ga babu komai?

Saboda ƙirga takarda a miƙa wa wani yana da ɗan zafi, zafin nan kuwa birki ne. Wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa wani gwaji a 2001: an sa ɗalibai su taya tikitin kallon wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce da kati za su biya suka taya kusan ninkin abin da masu biya da tsaba suka taya. Tikiti ɗaya ne, hanyar biya ce kawai ta bambanta. In kana ganin albashi na zirarewa ta waya, a kan data da kati da ɗan wannan da ɗan wancan, ciro kuɗin mako a hannu ranar Litinin, ka bar katin banki a gida.

Na yi asarar dubu ashirin wata uku da suka wuce, har yau tana ci mini rai, alhali na samu fiye da haka bayanta. Lafiya nake kuwa?

Lafiyarka ƙalau, haka aka halicci yawancinmu. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa mutum ba ya auna samu da rashi da mudu ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya kimanta cewa zafin asara yakan kai kusan ninki biyu na daɗin samun daidai wannan adadi. Kahneman ya samu lambar yabo ta Nobel a 2002 a kan irin wannan aiki.

Inda abin yake zama haɗari shi ne ƙoƙarin "mayar da asara". Ɗan kasuwa ya sayi masara da tsada, farashi ya faɗi, ya ƙi sayarwa don kada a ce ya faɗi, har ƙwari su cinye rabin buhu. Yaro ya sa dubu biyu a cacar ƙwallo ta waya, aka cinye, ya sa biyar don ya dawo da biyun. Masu damfara sun san wannan lagon sarai. MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun jama'a a Disamba 2016, amma na ga waɗanda ta cinye sun sake faɗawa wata mai kama da ita da sabon suna, da niyyar su fanshe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da suka tafi sun tafi. Tambayar da ta rage ita ce me za ka yi da waɗanda ke hannunka yau.

Matata tana da kuɗin adashi a ajiye, amma in na gaza na cefane sai ta ce babu. Wannan ba rowa ba ce?

Ɗan'uwa, a hankali. Da farko dai, a shari'a ciyarwa a wuyanka take, dukiyarta kuma tata ce. In ta taimaka alheri ta yi. Na biyu, da ta ce "babu" ba ƙarya take yi ba a zuciyarta. Richard Thaler, masanin tattalin arzikin da ya samu Nobel a 2017, ya yi bayanin yadda mutane ke raba kuɗinsu ɗaki-ɗaki a cikin kai: wannan na abinci, wannan na makaranta, wannan ba a taɓa shi. A lissafi dubu goma dubu goma ce ko daga ina ta fito, amma a zuci ba haka ba ne. Kai ma ka sani: ariyas ɗin da aka biya ka ba zato yakan ƙare cikin kwana uku, albashin da ka yi wa gumi kuwa kana lallaɓa shi.

Iyayenmu mata sun daɗe da gane wannan. Shi ya sa ba sa barin ajiya a matsayin kuɗi. Sai su mayar da ita akuya, ko ɗan kunnen gwal, ko turmin atamfa a ƙasan akwati, a da kuma kwanuka jere a ɗaki. Abin da aka mayar akuya ba ya tafiya a sayen magi. Wataƙila kuɗin da kake hange, a wurinta sun riga sun zama katifar ɗiyarku. In ka matsu, ka nema a matsayin rance, ka faɗi ranar biya, ka kuma cika. Mazan da suka yi haka sau biyu sau uku, na ga matansu da kansu suke buɗe musu akwati ranar da ta ɓaci.

Adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa. To mene ne amfaninsa?

Amfaninsa ba riba ba ce, katanga ce. Yana tsare kuɗinka daga kai kanka, domin ranar zubi ba ka da zaɓi, kunyar uwar adashi da sauran 'yan zubi ta fi ƙarfin kwaɗayin tsire. Yana kuma tsare su daga masu nema, domin "na zuba a adashi" amsa ce da kowa ke karɓa ba tare da ɓacin rai ba. Sannan yana mayar da ɗari biyar-biyar ɗin da ba za su tsinana komai ba su zama keken ɗinki ko buhun taki.

Sai dai in faɗi gaskiya, tashin farashi yana cin na ƙarshe a layi. A mafi yawan watannin 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ya kwasa a watan goma sha biyu bai sayi abin da na watan farko ya saya ba. Shi ya sa a ƙungiyarmu muka gajarta zagaye, muke kuma yin ƙuri'a a sake jeri kowane zagaye. Kuma komai yardar da ke tsakani, a rubuta wa ya zuba, wa ya kwasa, a gaban mutum biyu.

Tun da na samu aiki dangi suka ɗauka na zama attajiri. In na bayar in rasa na gida, in na hana a ce na yi girman kai. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma ita ce ta fi sa mutane hawaye a gabana. Zan ɗan daɗe a kanta.

Ka fara da sanin ba kai kaɗai ba ne, ba kuma halin mutanenmu kaɗai ba ne. A wani bincike da aka wallafa a 2011 kan ƙungiyoyin ajiya da lamuni a Kamaru, an tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na basussukan da aka ci, masu cin su suna da ajiyar da ta kai adadin bashin a wannan ƙungiya. Suna biyan kuɗin ruwa a kan abin da suke da shi, don kawai su iya cewa dangi "ni ma bashi ake bi na". Dubi inda nauyin zumunci ke kai mutum: ya sayi kamannin talauci da kuɗinsa.

Amma kada wannan ya sa ka ɗauki dangi a matsayin kaya. Tuna wa ya sayar da tunkiya aka biya maka kuɗin jarrabawa, a gidan wa ka zauna a unguwar Yelwa ko Gwallameji kana karatu ba a taɓa tambayarka ko sisi ba. A ƙasar da inshorar lafiya ba ta kai ga yawancin mutane ba, fansho kuma sai an sha jira, dangi su ne asibiti, su ne bankin talaka. Wanda ke bayarwa yau, jiya shi aka ba, gobe kuma bai san inda zai kwana ba. Ba na goyon bayan masu cewa a rufe ido a tara.

Matsalar ita ce bayarwa ba tsari, da ɓoye gaskiyar abin da ake samu. Mutanen gida suna jin "ma'aikacin gwamnati" sai su hango rumbu, ba su san mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne ba, ba su san kuɗin haya da na makarantar yara ba. Kai kuma kunya ta hana ka faɗa, ka ci bashi ka tura, su ga alat su ƙara tabbata akwai. Ƙaryar da ka yi don a ga girmanka ita ce take ƙara maka layi a ƙofa.

Abin da na ga yana aiki shi ne: ka yanke wani kaso sananne na zumunci kowane wata, iyaye a gaba, in ya ƙare ya ƙare. Ka zauna da Baba ko babban yaya ka faɗa masa adadin albashinka da abin da ke kanka, da bakinka, sau ɗaya. Shi zai tare maka rabin masu zuwa. In kuna da yawa masu samu a gidan, ku haɗa asusun rashin lafiya da rasuwa, kada komai ya faɗo kan mutum ɗaya. In kuma za ka hana, ka hana da fuska a sake da magana a fili: "Wallahi Kawu, wannan watan ba zan iya ba." Ya fi "zan duba" da kashe waya. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana a ƙuƙunce hannu a wuya, ya kuma hana a shimfiɗa shi gaba ɗaya har a koma abin zargi. Tsakanin nan ake nema.

Gaskiya ne talauci na rage wa mutum tunani?

Ba ya rage basira, amma yana cinye hankali. A 2013 an wallafa wani bincike kan manoman rake sama da 400 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da hannunsu ya bushe, aka sake yi bayan sun sayar da rake. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi. Wanda ke lissafin abin da za a ɗora a murhu da dare ba shi da sauran wuri a kai na shirin baɗi.

Mu da muke da manoma a Ganjuwa da Alkaleri da Toro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da kaka a sayar da hatsi da araha saboda buƙatu sun taru, da damina a dawo a sayi irinsa da tsada, ko a ci bashin da za a biya da buhu. Mai kallo daga inuwa sai ya ce rashin dabara ne. Ni ina ganin zalunci ne a zagi mutum a kan shawarar da ya yanke da yunwa a gidansa. Abin da ke taimako shi ne a yanke manyan shawarwari lokacin da akwai: a ware kuɗin taki da na makaranta tun ranar da aka sayar da amfani.

Abokina na ƙuruciya ya nemi rance. In na ce a rubuta, ba zai ga na raina shi ba?

Bari in ba ka labarina. Na taɓa ranta wa wani aminina kuɗin taki, ba shaida, ba takarda, ba ranar biya. Na ce "in ka samu". Damina ba ta yi kyau ba. Ban taɓa tambayarsa ba, amma shi ya fara sauya hanya. Ya daina zuwa majalisarmu, in mun haɗu a masallaci sai ya riga ni fita. Ni kuma a zuci na fara cewa ya ci amana. Shekara uku muka yi a haka. Ranar da na daure na je gidansa muka zauna, sai na tarar shi a tunaninsa kullum na gan shi kuɗina nake tunawa. Muka yanka biyan kashi shida, ya biya, amma shekara ukun nan ba su dawo ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi maganar, ba ga waɗanda ake zargi ba. Rubutu na kare wanda ake bi kamar yadda yake kare mai bi, domin mai ranar biya yana iya ɗaga kai ya gaishe ka kafin ranar ta zo. In kuwa ka san abokin ba zai iya biya ba, ba shi abin da za ka iya yafewa, ka ce masa kyauta ce.

Me ya sa wani in ka ba shi kuɗi bayan ya taimake ka sai ransa ya ɓaci?

Domin ka mayar da alheri aikin lada. Maƙwabcin da ya kai matarka asibiti da tsakar dare ba ɗan tasi ba ne, in ka ce "nawa ne?" ka sauke shi daga matsayin ɗan'uwa. A garin Haifa na Isra'ila an taɓa gwada sa tara ga iyayen da ke makara wajen ɗaukar yara daga gidajen reno, sai makarar ta ƙaru, don abin da a da kunya ce ya koma abin saye. Da aka cire tarar ma ba ta koma yadda take ba. Hausa ta raba waɗannan da kyau: lada daban, la'ada daban, tukwici daban, goro daban. Tukwici ɗan aike ake ba, ba mai kyautar ba. Shi maƙwabci, ka bari sai ranar sunan gidansa.

Ɗaya gefen kuma, ka kula da kyautar da ke da igiya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun ga haka a kowane lokacin zaɓe.

Me ya sa aure ya yi tsada haka, alhali sadaki kaɗan ne?

Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Abin da ke karya mutane lefe ne, da kayan ɗaki, da gara, da taron da aka ƙirƙiro jiya. Waɗannan ba don ango da amarya ake yinsu ba, don masu zuwa ganin kaya ne. Uwa na tsoron a ce ɗiyarta ta shiga gidan miji hannu rabbana, a riƙa yi mata gori shekara da shekaru, kuma tsoron nan ba na banza ba ne, gorin yana faruwa. Shi ya sa wa'azi kaɗai bai magance abin ba: ba wanda ke son ya zama na farkon ragewa. Inda na ga an samu sauƙi, iyayen ɓangarorin biyu ne suka zauna tun kafin sa rana suka yanka adadin akwati, suka kuma sanar da dangi cewa shawarar gida biyu ce. Shi kuwa liƙi a wurin biki, ban da ɓarna, dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta shi, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun.

Muna zargin wanda ya yi kuɗi dare ɗaya, amma muna ba shi sahun gaba. Ba munafunci ba ne?

Akwai ƙamshinsa. A bayan ido a ce kuɗin tsafi ne ko na sata, a gaban ido a tashi a ba shi shimfiɗa. Kirarin da muke yi wa kuɗi, "masu gidan rana", "ƙare magana", ya nuna mun san ƙarfinsu. Abin da ke damuna shi ne yara suna kallo, kuma abin da muka yi suke ɗauka, ba abin da muka faɗa ba.

Amma garin nan yana da wani ma'auni. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi kafin ya zama Firayim Minista, aka kashe shi a Janairu 1966, kabarinsa na nan cikin gari. Abin da dattawa ke ambatonsa da shi har yau shi ne ya riƙe ƙasa bai tara dukiya ba. Hotonsa ne a kan naira 5 tun 1979. Takardar yanzu ko ruwan leda ba ta saye, sunan kuwa har yanzu in an ambata sai ka ji an ce Allah ya jiƙansa. Ina so a riƙa kai yara wurin, a kuma gaya musu dalilin.

To kuɗi suna kawo kwanciyar hankali ko ba sa kawowa?

Suna kawowa, kada wani ya ruɗe ka, musamman ga wanda ba shi da su. Kuɗin magani, kuɗin haya, buhun masara a ɗaki, duk barci ne. A 2010 Kahneman da masanin tattalin arziki Angus Deaton sun ce a Amurka jin daɗin yau da kullum na ƙaruwa da samu har zuwa wajen dala 75,000 a shekara, daga nan ya tsaya. A 2023 aka sake duba alƙaluman tare da wani masani, Matthew Killingsworth, aka ga ga yawancin mutane yana ci gaba da ƙaruwa, sai dai ga waɗanda dama ke cikin ƙunci na wani dalili, kuɗi na kaiwa inda ba sa ƙara musu komai. Dukiya ba ta ta da mamaci, ba ta gyara auren da ya mutu.

Ka saurari addu'ar mutanenmu. Da wuya ka ji dattijo ya ce Allah ya ba shi miliyan. "Allah ya rufa mana asiri" yake cewa. Wato a ci, a sha, a yi sutura, in baƙo ya zo a fita kunyarsa, in ciwo ya zo kada a kai ga miƙa hannu. Hadisi ingantacce ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadatar zuci ce. Sai dai ba na son a riƙa jefa wa mai jin yunwa wannan hadisi don a rufe masa baki. Mai ƙoshi ya fi buƙatar a tuna masa da shi.

Yaushe ya kamata in fara yi wa yarana maganar kuɗi?

Hajiya, tun ranar da suka fara karɓar barka da sallah. Kuskuren da muke yi shi ne mu karɓe mu ce "kawo in ajiye maka", shi ke nan ba a sake jin labari ba. Darasin farko da yaro ya koya ke nan: ajiya hanyar rabuwa da kuɗi ce, gara a kashe tun ba a ƙwace ba. In kin karɓa, ki rubuta a gabansa, ki kuma mayar ranar da kika ce.

Ki sayo masa asusun ƙasa, irin wanda sai an fasa. Ku sa ranar fasawa tare, misali mako ɗaya kafin babbar sallah. In an fasa, shi zai ƙirga da hannunsa, a raba uku: abin da zai saya wa kansa, abin da zai koma sabon asusu, da abin da zai kai wa kakarsa ko wani mabuƙaci da ƙafarsa. Ki riƙa tafiya da shi Muda Lawal, ki miƙa masa kuɗin albasa ya yi tayi da kansa, ya ji an ce masa "albarka", ya ƙara, a sallama, ya nemi gyara, ya ƙirga canji kafin ku bar gaban rumfar.